Itace Tun Yana Ɗanye: Tarihin Tanƙwara Itace da Ɗaki Mai Tafiya a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Kwanakin baya wani abokin karatuna ya nuna mini hoton wani ɗan ƙaramin ɗaki na katako mai taya biyu, wanda ake ɗaura wa mota a baya ta ja shi. Gabansa a kumbure yake, bayansa kuma ya tafi a tsuke, shi ya sa Amurkawa suke kiransa da sunan da ke nufin ɗigon hawaye. Abin da ya fi burge abokin nawa shi ne wai mai ɗakin da hannunsa ya ƙera shi a bayan gidansa, har ya turara katako ya lanƙwasa shi kamar kaba. Da ya gama kallo sai ya girgiza kai ya ce, “Kai, Bature ba dama!” Ni kuwa sai na tuna da wani tsoho a ƙauyenmu, can wajen Sandamu, wanda na sha gani ina yaro yana tura ɗanyar sanda cikin toka mai zafi, ya zaro ta, ya taka da ƙafa, ya juya ta yadda yake so.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin abubuwa biyu da suka haɗu a jikin wancan ɗaki, watau tanƙwara itace da kuma ɗakin da ke tashi ya bi mai shi, a ga yadda suka kasance a ƙasar Daura. Mai karatu zai ga cewa duka biyun tsofaffi ne a wurinmu. Abin da ya zo mana a makare shi ne taya, kuma wannan ma da dalilinsa.

Asalin Ɗaki Mai Siffar Ɗigon Hawaye

Bari mu fara da baƙon, tun da shi ya jawo maganar. A Ingila, a shekarar 1885, wani likita marubuci mai suna William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki a ciki, don kawai ya riƙa yawon buɗe ido. Shi ake ɗauka a matsayin ɗaki mai taya na farko da aka yi don shaƙatawa. Da motoci suka yawaita sai aka sauke doki aka ɗaura wa mota. Ƙaramin nan mai siffar ɗigon hawaye a Amurka ya bayyana cikin shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, mutane suna son tafiya amma ba su da kuɗin masauki. Mujallun masu aikin hannu suka riƙa buga zanensa don kowa ya ƙera nasa. Mujallar Mechanix Illustrated ta buga wani sanannen zane a 1947. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 an sami rarar alminiyam na jiragen sama da tayoyin motocin soja da araha, sai sana'ar ta bunƙasa.

Girmansa bai taka kara ya karya ba. Faɗinsa kamar ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8 zuwa 10, kuma ba wani abu ya yanke wannan awo ba illa girman fallen katakon nan da ake mannawa falle-falle, wanda ake sayarwa ƙafa 4 a ƙafa 8. Mutum biyu yake ɗauka a kwance, ba a iya miƙewa tsaye a ciki. A bayansa akwai murfi da ake ɗagawa sama, a nan ake ajiye murhu da tukwane, a yi girki a waje. Lanƙwasar rufin tana rage tirjiyar iska, tana kuma zubar da ruwan sama. Masu ƙera shi a gida sukan sami wannan lanƙwasa ta hanya uku: ko su yanko ta da zarto daga faffaɗan katako, ko su manna siraran katakai a kan ma'auni, ko kuma su turara katako su tanƙwara. Ta ukun nan ita ce ta shafe mu.

Me Ke Sa Itace Ya Tanƙwaru?

Itace zare-zare ne a jere, kuma akwai wani irin danƙo da ya riƙe zaren, wanda masana kimiyya ke kira liginin. In itace yana da danshi kuma ya ji zafi, danƙon nan sai ya yi laushi, zaren ya sami damar zamewa. In aka lanƙwasa shi a wannan hali aka ɗaure har ya huce ya bushe, danƙon sai ya sake daskarewa, itacen ya zauna a sabuwar siffarsa. Kafintan Turai yakan yi dogon akwati, ya haɗa shi da tukunyar ruwa mai tafasa, tururi ya cika akwatin, zafinsa ya kai kusan digiri 100 a ma'aunin santigireti. Ƙa'idar da suke bi ita ce awa ɗaya ga kowane inci ɗaya na kaurin katako. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake turara dambu a madambaci ya riga ya fahimci rabin aikin.

Sauran rabin shi ne wannan: in an lanƙwasa sanda, bayanta miƙewa yake yi, cikinta kuma ya takure. Itace yana jure takura ƙwarai, amma ba ya jure miƙewa, shi ya sa kullum daga baya sanda take tsagewa. Wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet (1796-1871), shi ya shahara da maganin wannan matsala. Yakan shimfiɗa siririn ƙarfe a bayan katakon ya danne bakinsa biyu, don kada bayan ya sami damar miƙewa, dole lanƙwasar ta koma ciki. Ya sami takardar mallakar wannan dabara a daular Ostiriya a 1856, kuma a 1859 ya fito da kujerarsa mai lamba 14, wadda aka haɗa da katako guda 6 kacal. Ana iya kwance guda 36 a zuba su cikin akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50.

To, shi tsohon ƙauyenmu bai san Thonet ba, amma aikinsu ɗaya ne. Bambancin shi ne Bature da busasshen katako yakan yi aiki, dole ya mayar masa da danshi ta hanyar tururi. Bahaushe kuwa ɗanye yake sarowa, ruwan yana ciki, in ya sa shi a toka mai zafi ko ya gasa shi a bakin wuta, ruwan jikinsa shi ne tururinsa. In kuwa itacen ya fara bushewa sai a jiƙa shi ya kwana a ruwa. Wannan sani ya zauna a zukatan mutane har ya zama karin magana, inda ake cewa itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau in an faɗi haka tarbiyyar yara ake nufi, amma asalin maganar daga bakin masu aikin itace ta fito.

Jinka: Rufin da Ke Tafiya da Ƙafa

Kowa ya san Daura da rijiyar Kusugu da labarin Bayajida da Daurama, da matsayinta a cikin Hausa Bakwai. Amma masu rubuta tarihi sun fi mai da hankali ga fada da jerin sarakuna, ba safai suke leƙa ɗakin talaka ba. Ɗakin talakan karkarar Daura kuwa, kafin zuwan kwano, kago ne ko ɗakin kara ko na zana, rufinsa kuma jinka.

Ga yadda ake yin ta. A ƙasa ake haɗa tsaiko, ba a bisa ɗaki ba. Akan jera sanduna ko gora ko kara mai ƙwari, a haɗa kawunansu a sama, gindinsu ya buɗe ya yi da'ira daidai da bakin ɗakin. Sa'an nan a kawo tanka, watau siraran rassa masu laushi irin na geza, a lanƙwasa su a zagaye tsaikon hawa-hawa, daga babbar da'ira a ƙasa zuwa ƙarama a sama, ana ɗaurewa da igiyar rama ko ɓawon kalgo ko kaba. Tankan nan ita ce ƙashin bayan rufin. Nauyin ciyawa yana tura ƙafafun tsaiko waje, ita kuwa tanka tana riƙe su kamar ɗamara. In babu ita rufin bajewa zai yi. Bayan nan sai a baibaye da yantar ciyawa, daga ƙasa zuwa sama, kowane hawa ya rufe bakin na ƙarƙashinsa don ruwa ya gangare.

In an gama sai a kira maƙwabta, a kewaye jinkar, a ɗaga ta gaba ɗaya a aza bisa bango. Daga nan aka sami karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin lura a nan shi ne rufin daban yake da bango. In bango ya zube, ko mai gida ya sake wa ɗaki wuri, ko ya sayar da rufin, sai a ɗauke shi a kai inda ake so. Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa ganin jinka tana tafe a kan hanya, ba a ganin komai sai ƙafafun mutane a ƙarƙashinta. Haka nan murfin rumbu. Ashe ke nan ko manomin da ke zaune wuri ɗaya, rabin ɗakinsa mai tafiya ne.

Bukkar Fulani da Tantin Buzaye

In manomi rabin ɗakinsa ke tafiya, makiyayi dukan gidansa ke tafiya. Ƙasar Daura tana bakin iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, saboda haka tun da daɗewa Fulani suke ratsa ta, su yi arewa da damina, su gangaro kudu da rani. Bukkar Fulani darasi ce a kan tanƙwara itace. Akan kafa ɗanyun tsumagu a ƙasa a da'ira, a lanƙwaso kawunansu su haɗu a tsakiya, a ɗaure, a zagaye su da tanka, a rufe da ciyawa ko kara ko tabarmi. Babu ƙusa ko ɗaya, babu ginshiƙi a tsakiya. Siffar tana kama da ƙwarya a kife, kuma iska ba ta samun inda za ta kama ta. A rugage da dama aikin mata ne. In an tashi ƙaura, abin da ya cancanci ɗauka sai a ɗora wa takarkari ko jaki, sauran a bar wa daji, domin a sabon mashekari ma akwai geza da sabara.

Buzayen Azbin, waɗanda ayarinsu ke kawo gishirin Bilma da dabino ƙasar Hausa su koma da gero, nasu ya ɗan bambanta. A ƙasarsu itace ya yi ƙaranci, ba a yar da shi. Saboda haka tantinsu na tabarmin kaba yana da bakuna na dindindin, waɗanda ake yi da saiwoyin itatuwan ƙaya, domin saiwa doguwa ce kuma tana da laushi. Akan lanƙwasa ta tun tana ɗanya a bar ta ta bushe a haka, daga nan ta zama kayan gida, a kwance a ɗora wa raƙumi ko jaki, a sake kafawa a gaba. Tantin kuwa na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, in auren ya mutu ta kwance abinta. In aka dubi wannan tanti da kyau, aka dubi ɗakin nan na Amurka, za a ga tunani ɗaya ne: bakuna marasa nauyi, rufi a kansu, wurin kwana a ciki, girki a waje.

Ba makiyaya kaɗai ke yawo ba. Hanyar fatake daga Kano zuwa Damagaram da Agadas ta ƙasar Daura ta bi, kuma duk inda madugu ya sauke ayari, nan da nan ake kafa 'yan bukkoki na kwana ɗaya ko biyu. Irin wannan masauki shi ake kira zango. Ita kanta sarautar Daura ta ɗanɗani zaman zango. Wajen 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Shi da magadansa sun zauna a wurare irin su Yekuwa da 'Yardaje kafin su kafu a Zango, wani reshe kuma a Ɓaure. Kusan shekara ɗari aka yi a haka, sai a zamanin Turawa aka mai da gidan kan gadon Daura, inda Sarki Musa ya yi sarauta daga 1904 zuwa 1911. M. G. Smith ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Jama'ar da ta yi irin wannan tashi da sauka ba za ta rasa sanin ɗakin da ake kafawa da sauri ba.

Bakan Gizo: Daga Ina Ya Fito?

A nan ne maganar ta kai ga wata muhawara ta masana. Babban abin alfaharin maginan Hausa shi ne baka, ko bakan gizo, wanda ke ɗauke da rufin manyan soraye da zaurukan sarakuna, har da na fadar Daura. In bakuna suka gicciye juna suka haɗu a tsakiya, shi ne ake kira ɗaurin guga. Mafi shahara a wannan aiki shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846).

Abin mamaki shi ne ƙashin bakan gizo azara ce, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara kuwa ba ta tanƙwaruwa, in an matsa mata karyewa take yi. To yaya aka yi miƙaƙƙen abu ya haifi baka? Dabarar magini ita ce ya kafa gajerun azaru a jikin bango, su ɗan karkato ciki, ya ɗaure su da igiya, ya lulluɓe da ƙasa ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wasu a kansu, su ƙara karkatowa. Haka zai yi ta yi daga ɓangarorin biyu, hawa-hawa, har su haɗu a sama. Ƙasar da aka shafe su da ita ita ke ɓoye gaɓoɓin, ido ya ga baka sumul. Watau inda itace ya ƙi lanƙwasa, sai magini ya lanƙwasa layin da ya jera shi a kai.

Wata masaniyar gine-gine Ba'amurkiya, Labelle Prussin, ta kawo ra'ayi a wata maƙala ta 1976 cewa wannan baka daga bukkar makiyaya ya samo asali. A ganinta, da Fulani suka zauna a birane suka karɓi mulki bayan jihadi, sai siffar bakunan bukka ta shiga ginin ƙasa. Masu ja da wannan ra'ayi sukan duba arewa, wajen Masar da ƙasashen Larabawa, inda ginin baka da ƙubba ya daɗe. Suna da abin kafa hujja, domin Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Sakkwato a 1824, ya tarar ana gina masallaci mai bakuna, kuma ya ba da labarin cewa maginin mutumin Zazzau ne wanda mahaifinsa ya je Masar ya ga irin gininsu.

A nawa ɗan nazarin, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Sha'awar baka da ƙubba a masallaci da fada tana iya zuwa daga ƙasashen Musulmi na arewa da gabas. Amma bakan Masar na dutse ne ko na bulo, kowane ɗaya yana danne ɗan'uwansa. Namu kuwa itace ne aka ɗaure da igiya, kuma sunan ma ya nuna haka, tun da ɗauri ake cewa. Hannun da ya saba ɗaurin tsaiko da tanka, ko na Bahaushe ne ko na Bafillace, shi ya san yadda zai ɗaure azara. Saboda haka ko da siffar baƙuwa ce, aikin ɗan gida ne.

Me Ya Hana Taya Zuwa da Wuri?

Saura tambaya ɗaya. Mutanen da suka iya tanƙwara itace, suka iya ɗaki mai tashi, ga maƙera ga masassaƙa, me ya hana su aza ɗakin a kan taya? Wasu sukan ce rashin sani ne, amma tarihi bai goyi bayan haka ba. A duwatsun Sahara, har da na Azbin, akwai tsofaffin zane-zanen kekunan doki, kuma alhazai da fatake da suka je Masar da Tarabulus sun ga keken dabbobi da idonsu. Masanin tarihi Robin Law ya tattauna wannan batu a wata maƙala ta 1980, inda ya nuna cewa an san taya a Afirka ta Yamma, amfani da ita ne bai biya ba. Taya tana bukatar hanya, hanya kuwa tana bukatar kuɗi da aikin gyara kowace shekara. Ƙasa irin ta Daura rairayi ce, tayar katako mai bakin ƙarfe nutsewa take yi a cikinsa, da damina kuma koramu su yanke hanya. Raƙumi da jaki da takarkari kuwa ba su bukatar a share musu komai.

Turawan mulki da kansu sun gwada sun gani. Bayan cin Kano a 1903, gwamnatin Lugga ta share hanyar keken shanu daga Zungeru zuwa Zariya da Kano, amma abin bai yi ƙarko ba, saboda cutar dabbobi da lalacewar hanya da damina. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sannan sufuri ya canza da gaske. Daga 1928 aka fara koya wa manoman Arewa noma da garmar shanu, wannan ya sa aka sami horarrun bijimai a ƙauyuka. Amma amalanken shanu bai bazu sosai ba sai da tsofaffin motoci suka yawaita, aka sami tayar roba da ƙarfen gindin mota da araha, ga kuma masu walda. Tayar roba mai faɗi ita ce ta yi maganin rairayi. Yau duk wanda ya je kasuwar Mai'aduwa zai ga amalanke iri-iri, na shanu da na jakuna, daga ɓangarorin iyaka biyu, suna ɗauke da hatsi da taki da ruwa da mutane.

A lura da kyau, abin da ya faru a nan shi ne ya faru a Amurka: can rarar kayan yaƙi ce ta ba talaka taya, nan kuma rarar tsofaffin motoci. Haka kuma kafintocinmu sun daɗe suna ƙera bodin katako a kan manyan motoci irin su Bedford da Mercedes 911, waɗanda akan shigo da su ba bodi. Ashe duk gaɓoɓin ɗakin nan mai siffar ɗigon hawaye akwai su a ƙasar Daura, a warwatse a hannun mutane daban-daban.

Dalilin da ya sa ba a haɗa su ba shi ne bukata ta bambanta. Ba'amurke yana jan ɗakinsa ne don ya gudu daga gari ya huta, kuma ba ya son ya sauka gidan kowa. Bahaushe in ya yi tafiya yana da mai masauki, ko zauren mai unguwa, ko tasha, kuma mutumin da ya zo gari ya kwana cikin akwatinsa sai a yi masa kallon mai gudun jama'a. Ga shi kuma a wurinmu an ɗauki bukka alamar rashi, soro da kwano alamar samu. Abin da wani ya mayar abin shaƙatawa, mu mun mayar da shi abin kunya.

Halin da Ake Ciki

Wannan raini yana da farashi. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da na 1984, ya kashe itatuwa da dabbobi masu yawa a arewacin ƙasar Hausa. Yawan jama'a ya sa gonaki sun cinye dazuzzuka da burtali, duk da dokar keɓe wuraren kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1965. Giginya tana daɗewa ƙwarai kafin ta isa a tsaga ta a yi azara, kuma an fi sare ta fiye da dasa ta. Makiyayi da yawa yanzu leda da tamfol yake shimfiɗawa a kan bukkarsa maimakon tabarma. Kwano ya kori jinka, ga shi kuwa kowa ya san yadda ɗakin kwano yake zama da tsakar rana a watan Afrilu. In itacen ya ƙare kuma masu aikin suka tsufa, sanin zai tafi tare da su, domin ba a rubuce yake ba: wane itace ke tanƙwaruwa, a wane wata ake sare shi, kwana nawa ake jiƙa shi, yaya zafin tokar zai kasance.

Kada kuma a ɗauka littafin Turai zai maye mana gurbin wannan. Ƙa'idojin turara katako da ke cikinsa a kan itatuwan ƙasashen sanyi aka gina su, kuma an san manyan katakan ƙasashe masu zafi, irin su maɗaci, ba sa tanƙwaruwa da kyau kamar waɗancan. Wanda ya san halin geza da dargaza da magarya shi ne tsohon da ke ƙauye.

Ga shi kuwa bukatar ɗaki mara nauyi mai tafiya ba ta ƙare ba. A 1989 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya, kuma cikin dabarunta har da azuzuwan da ake kwancewa a bi ruga da su. Akwai ma'aikatan lafiya da na dabbobi masu zagaya ƙauyuka, akwai 'yan kasuwa masu bin kasuwannin mako, akwai kuma mutanen da rashin tsaro ko ambaliya ta raba da gidajensu a sassan Jihar Katsina. Daura ta sami kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, a ƙarshen shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, sannan a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara ya bi ta Daura. Garin da ake koyar da ilmin sufuri a cikinsa bai kamata ya manta da irin sufurin da ya rayu da shi shekaru aru-aru ba.

Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa dabarar da ke cikin turara katako ita ce dai ke cikin gasa ɗanyar sanda a toka. Mun ga yadda tanƙwararren itace ya riƙe jinkar manomi da bukkar Bafillace da tantin Buzu, da yadda ɗaurinsa ya shiga cikin bakan gizon fada. Mun kuma ga cewa rairayi da tsadar hanya ne suka jinkirta taya, har zuwa lokacin da tayar roba ta samu.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ƙasar Daura, ita ce in an tafi hutu a nemi masu ɗaurin tsaiko da magina da matan ruga, a zauna da su, a rubuta sunayen itatuwa da na kowace gaɓa ta aikin, a auna, a ɗauki hoto. Ɗalibin tarihi da na harshe su tattara, na aikin injiniya da na zanen gine-gine su gwada ƙarfin itatuwan, na aikin gona su duba yadda za a sake dasa su. Wanda kuma yake da sha'awar ƙera ɗaki a kan amalanke, to ga kafinta ga mai walda a bakin kasuwa, sai ya fara. Tsohon nan na ƙauyenmu ya rasu tun ina makarantar sakandare, kuma ban taɓa tambayarsa sunan itacen da yake turawa cikin toka ba. Sa'o'insa da suka rage ba su da yawa, ya kamata a je a tambaye su tun suna nan.